Ya kai ni mashayar da ban zata ba, ya ɗora min sirrin da ban nema ba

Anti, barka da aiki. Ni 'yar Zariya ce, shekarata 24, ina digiri na biyu a Manchester. Wata bakwai ke nan da zuwana. Wanda ya tarbe ni a filin jirgi, ya nema min ɗaki, ya saya min rigar sanyi da kuɗinsa, ɗan gwaggona ne, taubashina. Ya girme ni da shekara takwas, ya daɗe a nan yana aiki. Yaya nake ce masa.

Asabar ɗin waccan ya ce in shirya mu fita, ranar haihuwarsa ce, abokansa za su haɗu. Ni duk zatona gidan abinci za mu. Muka sauka daga bas, muka taka zuwa wani layi a bakin ruwa, ana ce masa Canal Street, ko'ina ka duba tuta mai launin bakan gizo. Kafin in gama gane inda nake har mun shige wata mashaya. Maza riƙe da hannun maza, mata da mata, ga wani ƙato a kan dandali ya ci kwalliya da gashi har gadon baya yana waƙa. Ni kaɗai ce mai mayafi. Ba wanda ya yi min kallon banza, wata ma cewa ta yi mayafin ya yi min kyau. Lemo na sha. Can sai Yaya ya kamo hannun wani mutum ya kawo shi gabana, ya ce min da Hausa, "Ga wanda muke tare shekara uku. Duk dangi ke kaɗai kika sani."

Anti, abin da ya fi ci min rai shi ne ban tashi na tafi ba. Na zauna har ƙarfe ɗayan dare. Na yi dariya, har bidiyo na ɗauka lokacin da aka kawo kek. Tun muna yara ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na ranar ba. Sai da na koma ɗaki na kwanta abin ya faɗo min, na yi ta kuka har aka shiga lokacin asuba.

Yau kwana tara ban amsa saƙonsa ba. Ina jin haushinsa don bai gaya min inda za mu ba. Ga Gwaggo tana kirana kusan kullum, wai in sa mata ido in gano wace Baturiya ce ta hana ɗanta aure. Ga Mama ta fara min zancen cewa ita da Gwaggo suna ganin gara a yi tuwona maina. Kuma da za mu fita daga wurin na haɗa ido da wani ɗan Najeriya da muke sashe ɗaya a makaranta. A Disamba zan je gida. Na yi zunubi da na zauna? In gaya wa Gwaggo gaskiya in huta? Wallahi ji nake kamar dutse aka ɗora min a ƙirji.

'Yar Zariya a Manchester

*

'Yata, sannu. Kafin mu taɓa zancen zunubi ko na Gwaggo, ɗauko wayarki ki goge bidiyon nan, sannan ki dawo ki ci gaba da karatu. Idan iPhone ce, abin da aka goge yakan yi kwana 30 a wani aljihu kafin ya ɓace, don haka ki bi shi can ki sake gogewa. Ki duba iCloud ko Google Photos, don waya takan tura kwafi da kanta ba tare da ta tambaye ki ba. Idan kin aika wa wani ta WhatsApp, ko da kanki kika aika wa, shi ma ki share.

Kin san dalili. A Manchester wayarki taki ce ke kaɗai. Ranar da kika sauka Zariya ta zama ta gida. Ƙannenki za su karɓa su yi wasa, 'yar ɗakinku za ta ce a nuna mata hotunan Turai, a gidan biki za ki miƙa wa wata ta tura wa kanta hoton amarya, yatsanta kuma ya zarce. A hanya ma ba sabon abu ba ne jami'in tsaro ya ce wa matashi buɗe waya mu gani. Kuma ba fuskar Yaya ce kaɗai a ciki ba. Akwai mutanen da suka tsaya bayansa suna tafi, ba ki san daga wace ƙasa suka fito ba, ba ki san wa ke jiransu a gida ba.

(Masu karatu da suka fara lissafin wace 'yar Zariya ce ke Manchester, ku huta. Na sauya garin, na sauya shekarun, kamar yadda na saba.)

Ba tsorata ki nake son yi ba, amma ya kamata ki san nauyin abin da ke hannunki da ma'auninsa na gaskiya. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga wanda ya buɗe ko ya shiga ƙungiya ko kulob na masu neman jinsi ɗaya, da wanda ya bayyana irin wannan soyayya a fili, har da wanda ya mara musu baya. A jihohi 12 na Arewa kuma akwai dokar shari'a da hukuncinta kan kai ga jefewa, kuma a 2022 wata kotu a Ningi ta yanke wa mutum uku wannan hukunci. Dokar 2014 tana magana ne kan abin da aka yi a Najeriya, saboda haka daren da kika yi a Manchester bai karya dokar ko'ina ba. Sai dai jama'a ba sa jiran lauya ya karanta musu sashe. A Bauchi, a watan da aka sa hannu a dokar, mutane suka yi ta jifan kotu suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma. A Gombe, a Oktoban 2023, jami'an Sibil Difens suka kwashe mutum 76 daga wani taro da aka ce na murnar ranar haihuwa ne, har da mata 17 a ciki. Kek suka je ci, kamar ke. Ga kuma masu sana'ar da ake kira kito, waɗanda ke farautar irin Yaya su yi ta tatsar kuɗi da barazanar tona asiri. Bidiyo na daƙiƙa ashirin ya ishe su jari.

To, mu dawo kan daren.

Na yi shekara 19 ina aikin jinya a arewacin Ingila, kuma na taɓa zuwa layin nan sau ɗaya, ranar da muka yi wa wani abokin aiki bankwana. Ni ma lemo na sha, ni ma da ɗankwalina, kuma ni ma na fi minti goma ban san inda zan ajiye idona ba. Don haka na san abin da kika ji. Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya, shi ne wurin nan ba haka ya faɗo daga sama ba. Tsofaffin rumbunan auduga ne a gefen hanyar ruwa ta Rochdale. Da masaƙu suka mutu, layin ya zama kango mai duhu, duhun ne kuma ya jawo mutanen da ba su da inda za su haɗu da rana. Har 1967 laifi ne a Ingila namiji ya nemi namiji, ko a cikin ɗakinsa. Bayan an sassauta dokar ma ba a bar su sun sarara ba. James Anderton, wanda ya shugabanci 'yan sandan yankin daga 1976 zuwa 1991, bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa gare su ba, kuma a zamaninsa samame ya zama ruwan dare. Mashayun wancan lokaci tagoginsu a toshe suke don kada a ga na ciki. Sai a 1990 wata mashaya mai suna Manto ta buɗe da bangon gilashi tun daga ƙasa, kowa na ganin kowa, aka yi ta mamakin ƙarfin halinsu.

Idan kin sake bi ta wajen da rana, akwai wani ɗan lambu a gefe, Sackville Gardens. Za ki ga mutum-mutumin wani mutum zaune a benci riƙe da tuffa. Alan Turing ne, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu, kuma ɗaya daga cikin iyayen ilmin kwamfuta. A jami'ar garin yake aiki lokacin da aka same shi da laifi a 1952 saboda alaƙa da wani namiji, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar kashe sha'awa. Ya rasu a 1954. Sai a 2013 Sarauniya ta yi masa afuwa, a 2021 aka sa hotonsa a takardar fam 50. Na kawo miki wannan ne don ki ga sakewar da kika gani a daren nan ba ta kai Gwaggo shekaru ba, kuma da yawa daga cikin masu furfurar da ke zaune a wurin sun san ɗanɗanon tsoro irin wanda Yaya ya taso da shi.

Kada ki ɗauka ina ce miki wurin aljanna ne. Mashaya ce. Akwai maye, akwai masu zuba wa mutum ƙwaya a kofi, kuma akwai baƙaƙen fata da Musulmi masu zuwa da ke kokawa cewa su ma wani lokaci sukan sha kallo ko tambayar rainin hankali tun daga ƙofa. Duk inda kika fita da dare a ƙasar nan kada ki bar kofinki ki juya baya. Idan wani ya matsa miki, da yawa daga cikin irin waɗannan wurare suna da tsarin da za ki je wajen masu sayarwa ki ce kina neman Angela, su gane kina cikin matsala su fitar da ke lafiya. Shi kuwa ƙaton nan mai gashi har gadon baya, ni dai bai ba ni mamaki sosai ba. Mu da muka tashi muna sayen soyayyiyar kaza a hannun 'yan daudu a tasha, muna ganinsu a gidan biki da zani a ƙirji suna rangaɗa guɗa iyayenmu mata na yi musu liƙi, ba mu ne za mu ce a Turai aka fara ganin namiji da jan baki ba.

Haushin da kike ji kuwa yana kan hanya. Yaya bai kyauta ba. Ya san tarbiyyarki, ya san ba ki taɓa taka mashaya ba, ya kai ki ba tare da ya tambaye ki ba, ya kuma faɗa miki magana mafi nauyi a rayuwarsa a inda ba ki da damar ko yin shiru ki yi tunani, ga kiɗa, ga idon abokai, ga mutumin tsaye yana miki murmushi. Ya ƙwace miki zaɓi. Kina da haƙƙin ki gaya masa haka ido da ido, kuma ina so ki gaya masa, don abin da aka haɗiye ba a tauna ba shi ke dawowa.

Amma bari in faɗa miki yadda na karanta abin. Akwai hadisin da ya ce idan mutum ya yi maka magana sannan ya waiwaya, to maganar nan amana ce. Waiwayen shi ne alamar yana tsoron kada wani ya ji. Ɗan'uwanki ya yi shekara talatin da 'yan kai yana waiwaye. A zauren gidanku, a makaranta, a waya da mahaifiyarsa, wataƙila har a ɗakinsa na Manchester ranar da kika kai masa ziyara, bayan ya ɓoye buroshin haƙori na biyu da takalmin da ba nasa ba. Da ya tashi gaya wa mutum na farko a danginsa, sai ya kai ki wuri ɗaya tilo da ba sai ya waiwaya ba. Ina kuma zaton ya yi lissafin cewa idan kika tofa masa yawu kika fice, akwai waɗanda za su riƙe shi kada ya faɗi. Lissafin matsoraci ne, kuma ke kika biya kuɗinsa. Amma rashin waiwayen bai sauke amanar ba. Ya faɗa miki da bakinsa cewa ke kaɗai kika sani.

Yanzu tambayarki ta zunubi. Ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba, ba kuma zan lanƙwasa miki addini don ki ji daɗi ba. Abin da malamanmu suka karantar kan luwaɗi kin san shi, Yaya ma ya sani, tare kuka yi islamiyya. Zama a teburin da ake shan giya ma akwai hani a kansa. Idan zuciyarki ba ta kwanta da zaman da kika yi ba, ƙofar istigfari ba a rufe ta, kuma tsakaninki da Ubangijinki ne. Kina da cikakken ikon ki ce ba za ki sake komawa ba. Dariyar da kika yi kuwa, wadda na ga ita ta fi hana ki barci, ni ban ga abin tuhuma a cikinta ba. Kin ga mutumin da ya saya miki rigar sanyi yana farin ciki, ke ma kika ji daɗi. Halin da kika taho da shi daga gida ne.

Inda nake jin tsoro shi ne wurin da kika ce "in gaya wa Gwaggo in huta". Ki sake karanta jimlar nan. Hutun naki ne, kuɗin hutun kuma shi zai biya. Na ga irin wannan sau da yawa: mutum yana jin ya yi laifi, zuciyarsa na ƙuna, sai shaiɗan ya nuna masa cewa tona asirin wani shi ne tuba. Tuba daga zaman mashaya ba ta da sharaɗin fallasa kowa. Addinin da ya sa kika yi kuka har asuba shi ne ya ce a Suratul Hujurat kada ku yi leƙen asirin juna, shi ne kuma ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira. Ba a ce sai Musulmin da kika yarda da halinsa ba. Wanda ba shi da abin ɓoyo ai ba ya buƙatar rufi.

Ki kuma bi maganar ki ga inda za ta sauka. Gwaggo ba za ta iya riƙewa ita kaɗai ba, ba don muguwa ce ba, don uwa ce da ta firgita. Za ta gaya wa Mama, za ta je wurin malami neman addu'a, malamin yana da almajirai a zaure. Kafin sati mijinta ya ji, kawunai su ji. Daga nan sai a kira Yaya a ce wani ba shi da lafiya ya taho maza, ko a yafe shi, ko a hana ƙannensa mata mijin aure saboda sunan gida. Gwaggo kanta, da shekarunta da hawan jininta idan tana da shi, za ta ji labarin ɗanta daga bakin wani a waya, ba tare da shi yana kusa ya amsa ko tambaya ɗaya ba. Magana zarar bunu ce. Idan akwai ranar da mahaifiyarsa za ta sani, shi ne zai zaɓi ranar, shi zai zaɓi kalmomin, kuma yana iya zaɓar kada ranar ta zo. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ba kuma ƙarya nake ce miki ki yi ba. Aikin da Gwaggo ta ba ki na ɗan leƙen asiri ne, shi za ki ajiye, cikin ladabi, tun yanzu, ba sai an matsa ki a lungu ba. "Gwaggo, ni ƙanwa ce, ina ni ina bin diddigin Yaya? Kunya ma ba za ta bar ni ba. Ga karatu ya sha min kai, sai mu yi sati ba mu haɗu ba. Ki tambaye shi da kanki, ke ce uwa." Duk wannan gaskiya ne. Ki riƙe wannan amsa kamar karatun allo, kada ki ƙara mata gishiri, kada yau ki ce kaza gobe ki ce kaza, don tsofaffinmu sun fi ɗan sanda iya gano inda zance ya karkace. Ki rage ɗaga wayar a duk lokacin da ta kira. Ki riƙa kiranta da kanki ranar Juma'a ku gaisa, ki tambayi jikinta da jikoki, ki yi sallama kafin zancen ya juyo.

Zancen tuwona maina kuwa kada ki bar shi ya kai Disamba. Irin wannan magana tun tana hirar tsakar gida ake kashe ta. Idan ta kai kunnen iyaye maza, aka kai goro, to janyewa ta zama cin fuska. Ki kira Mama a makon nan ki ce mata, "Mama, Yaya wa ne a wurina, ciki ɗaya nake jin sa, ba zan iya zaman aure da shi ba." Ki tsaya nan. Kada ki kawo dalilin da ya shafe shi, kada ki ce "ai shi ma ba zai so ba", don wannan ƙofa ce. Shari'a ta ba ki haƙƙin a nemi yardarki, kuma ba ke ce budurwa ta farko da ta ƙi taubashinta ba. Za a yi miki faɗa, a ce boko ya buɗe miki ido. Ki jure.

Sannan ki gaya wa Yaya shi ma ya ce a'a da bakinsa. Ba daidai ba ne ya yi shiru ya bar ki ki zama mai taurin kai ke kaɗai alhali shi ne ya fi ki sanin dalili. Akwai kuma abin da nake so ki shirya masa tun bai zo ba. Wata rana, idan matsi ya yi yawa, yana iya ce miki, ko ke zuciyarki ta ce miki, me zai hana ku yi auren a takarda, kowa ya yi rayuwarsa, iyaye su kwantar da hankali. Akwai masu yi. Ni ban ba ki shawara ba. A gidajenmu aure ba ya rufe tambaya, sabuwa yake buɗewa. Shekara ɗaya babu ciki za a fara aiko miki da rubutu da saiwa, shekara biyu a fara zancen kishiya, kuma duk yatsan ke zai nuna, ba shi ba. Ga naki auren na gaskiya da kika jingine kina 'yar 24. In kin samu fuska, ki roƙe shi abu ɗaya saboda Allah: kada ya yarda a ɗauko masa wata yarinya daga gida da ba ta san komai ba. Na yi jinyar zuciyar irin waɗannan mata a wannan fili fiye da sau ɗaya. Sukan yi shekaru suna canza turare da girki suna zaton laifinsu ne.

Shi ɗan sashenku da kuka haɗa ido, kada ya hana ki barci. Wanda ya gan ki a ƙofar wurin da ƙarfe ɗayan dare shi ma ba daga tahajjud yake ba. Wataƙila yanzu haka shi ne ke kwana da fargabar me za ki ce. Ki gaishe shi yadda kika saba, kada ki ɗauko zancen. Idan ya ɗauko, bikin ranar haihuwa aka gayyace ki, ba sai kin ce na wa ba. Idan kuma ya kuskura ya yi miki barazana ko ya nemi wani abu don ya yi shiru, wannan babban laifi ne a dokar Birtaniya, ki adana saƙon ki kai wa hukumar makaranta ko 'yan sanda.

Dutsen da ke ƙirjinki na gaske ne, kuma ban ce ki ɗauke shi ke kaɗai ba. Amma ki zaɓi inda za ki sauke. Ba zauren WhatsApp na ɗaliban Najeriya ba, ba aminiyarki ta gida ba ko da ta rantse da Alƙur'ani. Jami'o'in ƙasar nan suna da masu ba ɗalibai shawara kyauta, aikinsu kuma da sirri aka gina shi, ba sai kin ambaci suna ba. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su Imaan da Hidayah, na Musulmi ne da ke cikin hali irin na Yaya, sun san rikicin da ke tsakanin zuciya da iyali da addini daga ciki. Ko ba ki yarda da duk abin da suke faɗa ba, sun saba da tambayoyin da ke yawo a kanki.

Ban ce dole ki karɓi mutumin da ya gabatar miki a matsayin suruki ba, ban ce ki sauya abin da kika yi imani da shi ba. Za ki iya riƙe aƙidarki ki riƙe ɗan'uwanki, mutane da yawa suna yi, kawai ba sa shela. Yadda zumuncinku zai kasance nan gaba, ku biyu za ku auna shi a hankali, kuma kina da ikon gindaya naki sharaɗin: ba mashaya, ba ba-zata. Ki ce ya same ki a Rusholme, a ɗaya daga cikin gidajen abincin Wilmslow Road inda ba a sayar da giya, ku zauna a kusurwa da shayi, ku yi Hausarku ba mai ji. Can za ki faɗa masa haushinki, ki yi masa tambayoyin da kiɗa ya hana ki yi.

Kwana tara kin yi shiru. Ke a wurinki tunani kike yi. Shi a wurinsa, duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara ya ga lambar gida, gabansa faɗuwa yake, yana cewa shi ke nan ta faɗa. Na yi aiki a asibiti na ga inda irin wannan fargaba ke kai mutum idan ta daɗe. Ba sai kin huce ba, ba sai kin san me za ki ce ba. Ki rubuta masa yau: "Yaya, ina wuni. Ina fushi da kai, za mu yi magana. Amma ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba."